Hutun harajin sayayya a jihohin Amurka: wa ke tsayar da ranar, wa ke cin moriyarta?

Kafin tsakiyar watan Yuni na kowace shekara, akwai wani ɗan aiki da doka ta ɗora wa majalisar dokokin jihar Massachusetts ta Amurka: ta zaɓi Asabar da Lahadi guda a cikin watan Agusta, ta ayyana su a matsayin ranakun da jihar ba za ta karɓi harajin sayayya ba. A 2023 an tsayar da 12 da 13 ga Agusta, a 2024 aka tsayar da 10 da 11, a 2025 kuma 9 da 10. Ƙudurin gajere ne, kuma ba a cika kai ruwa rana a kansa ba. Amma kwana biyun nan suna juya kasuwar jihar na tsawon makonni, suna rage wa baitulmali miliyoyin daloli, kuma yadda ake tsayar da su yana da hannu wajen tantance wanda zai amfana da wanda zai tashi a tutar babu.

Sai an fara fahimtar harajin kansa. Amurka ba ta da harajin sayayya na tarayya irin VAT da aka sani a Najeriya, wanda ake karɓa a kan kashi 7.5 cikin 100 a duk faɗin ƙasa. A can kowace jiha ce ke yanka nata. Jihohi 45 da babban birnin ƙasar, Washington, suna karɓa. Biyar ba sa karɓa a matakin jiha: Alaska da Delaware da Montana da New Hampshire da Oregon. A jihohi da dama birane da gundumomi suna ɗora nasu kason a kan na jiha. Sannan farashin da aka manna a jikin kaya bai haɗa da haraji ba. Sai ka isa wurin biya a lissafa maka shi, ka gan shi ɓaro-ɓaro a kan rasit. Shi ya sa Ba'amurke yake jin wannan haraji a jikinsa duk lokacin da ya shiga kanti, shi ya sa kuma ɗage shi na kwana biyu yake da daɗin tallatawa ga ɗan siyasa da ɗan kasuwa baki ɗaya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1980 jihohin Ohio da Michigan sun ɗage haraji na ɗan lokaci a kan sayen motoci. Amma salon da ake yayi yanzu ya samo asali ne daga New York a watan Janairun 1997, lokacin da jihar ta yafe haraji na mako guda a kan tufafi da takalma da kuɗinsu bai kai dala 500 ba. Dalilin a fili yake: maƙwabciyarta New Jersey ba ta sa haraji a kan tufafi, mutanen birnin New York kuwa tsallaka kogi kawai za su yi su sayo. Florida ta bi sahu a 1998, Texas a 1999. A 'yan shekarun nan kusan jihohi 20 ne ke yin irin wannan hutu, yawancinsu a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, daidai lokacin da iyaye ke haɗa wa yara kayan komawa makaranta. Wasu jihohin sun ƙara da na kayan shirin guguwa da ambaliya, wasu da na na'urorin gida marasa shan wuta, Mississippi kuma tana da na bindigogi da harsasai gabanin lokacin farauta.

Tunda majalisa ce ta kafa harajin, ita kaɗai ke da ikon ɗage shi, ko da na awa ɗaya ne. Gwamna ba zai tashi da safe ya sanar da yafewa ba tare da doka ta ba shi dama ba. Don haka dole a rubuta wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, kuma a nan ne jihohi suka rabu.

Da yawansu sun rubuta ƙa'idar lissafin ranar a cikin dokar haraji sau ɗaya, suka huta. Iowa ta ce Juma'a da Asabar na farkon Agusta. Maryland ta ce daga Lahadi ta biyu a Agusta zuwa Asabar mai bi mata. Connecticut ta ɗauki Lahadi ta uku. Ta Texas ta fi ban sha'awa, domin har zuwa 2025 ta ɗaure hutun da kalandar makarantu. Dokar ilimi ta jihar ta sa Litinin ta huɗu a Agusta a matsayin ranar da bai kamata makarantun gwamnati su buɗe kafinta ba. Sai dokar haraji ta ce a ƙirga kwana 15 baya daga wannan Litinin, a ɗauki Juma'ar da ta gabaci ranar da aka sauka, hutun ya fara minti ɗaya bayan sha biyun dare ya ƙare da tsakar daren Lahadi. A 2025 Litinin ɗin ta faɗo 25 ga wata, kwana 15 baya ya kai 10 ga wata, don haka aka yi hutun daga 8 zuwa 10 ga Agusta. Duk mai kalanda zai iya fitar da ranar ta shekaru goma masu zuwa ba tare da ya jira sanarwar kowa ba.

Massachusetts ta daɗe ba a kan wannan tsari take ba. Ta fara hutun a 2004, kwana ɗaya tak, zamanin Gwamna Mitt Romney, kuma daga nan sai ya zama kowace shekara sai an kawo sabon ƙuduri an jefa ƙuri'a. Sau da yawa ba a kammalawa sai a ƙarshen Yuli, saura 'yan kwanaki. A 2009, da tattalin arziki ya durƙushe, ba a yi ba. A wannan shekarar ce ma aka ɗaga harajin daga kashi 5 zuwa kashi 6.25 cikin 100. A 2016 da 2017 ma 'yan majalisa sun ƙi, suna cewa kuɗin shiga bai kai yadda aka yi hasashe ba, kuma jihar ba za ta iya sadaukar da sama da dala miliyan 20 a kwana biyu ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya mayar da hutun na dindindin a 2018 ba ƙaunar masu sayayya ba ce, ciniki ne na siyasa. A Massachusetts jama'a na iya tattara sa hannu su kai wata doka gaban masu zaɓe kai tsaye. Ƙungiyar masu kantuna ta jihar, da ta ji haushin shekaru biyun da aka hana ta hutun, ta shirya kai batun rage harajin zuwa kashi 5 tare da tabbatar da hutun shekara-shekara. Da hakan ya wuce, da jihar ta rasa sama da dala biliyan ɗaya kowace shekara. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyoyin ƙwadago da na al'umma suna shirin kai batun ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa, da hutun haihuwa da na jinya wanda ake biyan ma'aikaci. Sai majalisa ta tara su aka yi sulhu, Gwamna Charlie Baker ya sa hannu a watan Yunin 2018. Mafi ƙarancin albashi zai tashi daga dala 11 zuwa 15 a hankali har 2023. Hutun haihuwa da jinya ya zama doka. Masu kantuna suka janye batun rage haraji, a madadinsa aka ba su abu biyu: a soke a hankali ƙarin kuɗin da doka ta tilasta musu biyan ma'aikata na aikin Lahadi, sannan hutun haraji ya tabbata kowace shekara.

Abin lura shi ne majalisar ba ta saki igiyar gaba ɗaya ba. Dokar ta ce hutun dole ne, watan Agusta ne, kwana biyu ne na ƙarshen mako, amma majalisun jihar biyu, ta wakilai da ta dattawa, su ne za su zaɓi wanne ta hanyar ƙudurin haɗin gwiwa, kar ya wuce 15 ga Yuni. In sun gaza, kwamishinan haraji na jihar ya tsayar da ranar, kar ya wuce 1 ga Yuli. Wato tambayar ko za a yi ta mutu, tambayar yaushe ce ta rage a hannun 'yan siyasa. Shi ya sa ranar take yawo: a 2019 ta faɗo 17 da 18 ga wata, a 2020, shekarar annobar korona, ta koma can 29 da 30.

Jihar Virginia ta nuna abin da ke faruwa idan aka ɗaure hutun da wa'adi. Dokarta tana da ranar ƙarewa, 1 ga Yulin 2023, kuma lokacin ya zo majalisa tana cikin taƙaddamar kasafin kuɗi ba a sabunta ta ba. Agusta ya zo ya wuce babu hutu, iyaye suka sayi kayan makaranta da haraji. Sai da aka daidaita kan kasafin a Satumba aka dawo da shi, aka yi daga 20 zuwa 22 ga Oktoba, bayan yara sun daɗe da komawa aji. Wanda aka ce don shi ake yin abin ya riga ya kashe kuɗinsa.

A nan ne ainihin sarƙaƙiyar take. Mai kanti yana son a sanar da ranar da wuri, don ya tsara talla, ya cika shago da kaya, ya ƙara ma'aikata, ya gyara na'urorin lissafin kuɗi. Amma da zarar jama'a sun san ranar, duk mai niyyar sayen firiji ko katifa ko kwamfuta a Yuli sai ya dakata. Masu sayar da kujeru da gadaje a Massachusetts sun saba da wannan, har sukan gayyaci mutane su zo su zaɓi kaya tun kafin lokaci, a riƙe cinikin sai ranar hutu a rubuta shi. Makonnin da suka gabata kasuwa ta yi sanyi, kwana biyu ta cika ta batse, bayan nan ta sake lafawa. Jihar tana ganin cinikin da ya hauhawa a Asabar da Lahadi, amma kaso mai yawa na wannan ciniki da ma za a yi shi, ranarsa kawai ta sauya, harajinsa kuma ya tafi. In kuwa aka ɓoye ranar har sai ta matso don hana jinkirin, sai mai kanti ya rasa lokacin shiri, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya rasa lokacin tara kuɗi. Babu ranar sanarwar da ta warware duka biyun.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ta fi damuna. Wa ke iya jira? Abin ya yi kama da wanda ya san hatsi zai yi sauƙi da kaka: in akwai abinci a rumbu sai ya dakata, in babu dole ya auna yau ko nawa ne mudu. Gidan da firijinsu ya mutu a Yuni ba za su jira Agusta ba. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin wani ya shigo ba shi da dala dubu biyu a ajiye da zai fitar a ranar da majalisa ta zaɓa, kuma mai yiwuwa ma a wannan Asabar ɗin yana bayan kanta yana yi wa wasu lissafi.

Duba yadda dokar Massachusetts take. Hutun ya shafi kusan duk kayan da mutum ya saya don amfanin kansa, muddin kuɗin abu guda bai wuce dala 2,500 ba. Ban da abincin gidan cin abinci, motoci, kwale-kwale masu inji, wutar lantarki, iskar gas, kuɗin layin waya, taba, barasa da wiwi. Wanda ya sayi abu na dala 2,500 ya tsira da dala 156.25. In ya sayi irinsa guda huɗu, ya tsira da dala 625, domin iyakar a kan kowane abu take, ba a kan jimillar rasit ba. To shi talaka fa? A wannan jiha da ma can babu haraji a kan kayan abincin da ake saya a kai gida, babu a kan tufafin da bai wuce dala 175 ba. Abubuwan da suka fi cin kuɗinsa ke nan, tare da kuɗin haya. Saboda haka abin da hutun ya ƙara masa kaɗan ne: littattafan rubutu, jakar makaranta, wataƙila tukunya ko fanka. In ya kashe dala 100, ya tsira da dala 6.25. Babban rabon yana tafiya ga mai sayen talabijin da kujerun falo.

Texas ta bi wata hanya dabam, ta sa iyakar ƙasa-ƙasa. Tufafi, takalma, kayan rubutu da jakunkunan makaranta ne kawai, kuma kowane abu sai ya gaza dala 100. Harajin jiha kashi 6.25 ne, da na ƙananan hukumomi yakan kai 8.25, don haka abin da za a tsira da shi a kan abu guda bai wuce dala 8 da 'yan kai ba. Wannan ya fi kusa da talaka, tunda a Texas ana sa haraji a kan tufafi duk shekara. Sai dai wata tambayar ta taso: in jiha ta yarda cewa harajin rigar yaro nauyi ne ga iyaye a mako na biyu na Agusta, me ya sauƙaƙa shi a Janairu, lokacin da yaron ya girmi takalminsa?

Ga kuma wahalar iyakoki. A Massachusetts abu na dala 2,500 ba shi da haraji, amma na dala 2,600 za a caje shi a kan kuɗinsa gaba ɗaya, dala 162.50, ba a kan ɗarin da ya ɗara kawai ba. A Texas takalmin da ake iya yawo da shi ya shiga, wanda aka yi don filin wasa kaɗai bai shiga ba. Agogo da sarƙa ba su shiga ba, haka kwamfuta da littattafan karatu. Hukumomin haraji sukan fitar da dogayen bayanai kan rangwame, da kayan da aka ajiye ana biya kaɗan-kaɗan, da wanda aka saya aka dawo da shi daga baya. Sayayya ta intanet tana shiga a Massachusetts in an yi oda an biya a cikin kwana biyun, ko da kayan sun iso bayan nan. Wannan ya ƙara muhimmanci tun daga Yunin 2018, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar jihar South Dakota da kamfanin Wayfair, ta ba jihohi damar tilasta wa masu sayarwa ta intanet karɓar haraji ko da ba su da shago a jihar. Babban kamfani yana da ma'aikatan da za su bi duk waɗannan ƙa'idoji. Mai ƙaramin shago shi kaɗai zai zauna da su. A Alabama ma kowane birni da gunduma ne ke yanke shawarar ko zai ɗage nasa kason, don haka shaguna biyu a kan titi ɗaya na iya bambanta.

Ba kasafai masana haraji na ɓangarorin siyasar Amurka biyu suke haɗuwa a kan abu ɗaya ba, amma sun haɗu a nan. Cibiyar Tax Foundation, mai ra'ayin rage haraji, ta daɗe tana cewa hutun kwalliya ce ta siyasa, kuma in haraji ya yi nauyi a rage shi ga kowa duk shekara. Cibiyar ITEP, mai ra'ayin kare marasa ƙarfi, tana cewa harajin sayayya ya fi danne talaka saboda shi ne ke kashe kusan duk abin da ya samu, kuma kwana biyu ko uku ba sa gyara wannan. Ita ta fi son a mayar wa masu ƙaramin albashi kuɗi kai tsaye ta hanyar rangwamen harajin albashi. Kuma kuɗin da aka yafe ba daga sama yake faɗowa ba. Kusan duk jihohin Amurka doka ta wajabta musu daidaita kasafinsu. A Massachusetts an keɓe wani kaso na wannan harajin ga hukumar jiragen ƙasa da bas-bas ta yankin Boston, wani kason kuma ga hukumar gina makarantu, abubuwan da marasa mota da 'ya'yansu suka fi dogara da su.

Duk da haka ba zan ce masu goyon baya ba su da hujja ba. Mai shago a garin da ke kusa da iyakar New Hampshire yana kallon abokan cinikinsa suna tuƙa mota minti ashirin su sayi abu ɗaya babu haraji, kwana 365 a shekara. Kwana biyun da shi ma zai yi gogayya kafaɗa da kafaɗa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Agusta kuma wata ne da ciniki ke ja da baya a wasu sana'o'in. Shaguna da yawa suna ɗora nasu rangwamen a kan na gwamnati don jan jama'a, mai saye ya samu riba biyu. Uwa mai yara huɗu a Texas da ta tsira da dala 30 ta san abin da za ta yi da su. Abin da nake ja a kai shi ne a kira wannan taimakon talaka, alhali an gina shi a kan sharaɗin cewa sai kana da kuɗi a hannu a ranar da wani ya zaɓa maka.

Jihohin ma ba su tsaya wuri ɗaya ba. North Carolina ta soke nata a gyaran harajin da ta yi a 2013. Georgia ta daina bayan 2016. New Jersey ta gwada na kayan makaranta a 2022 da 2023, ta soke shi a 2024. Wasu kuwa faɗaɗawa suka yi. A 2021, da kuɗi ya yi wa baitulmalin Massachusetts yawa, Gwamna Baker ya nemi a yi hutun wata biyu cur, Agusta da Satumba, a kan kimanin dala miliyan 900, majalisa ta ƙi, aka tsaya a kan 14 da 15 ga Agusta. Ohio ta mayar da nata kwana goma a 2024, mako biyu a 2025, a kan yawancin kayan da ba su wuce dala 500 ba. Florida, wadda ta shekara da shekaru tana yanke ranakun a kowane zaman majalisa, ta rubuta a dokar 2025 cewa watan Agusta gaba ɗayansa hutun kayan makaranta ne kowace shekara, wanda aƙalla ya ba mai jiran albashi damar ya riske shi. A cikin wannan dokar ta cire haraji kwata-kwata daga wasu kayan shirin guguwa irin su batura, maimakon a jira makon da aka ware musu. New York da ta fara yayin a 1997 ita ma tuni ta bar shi: a yau tufafi da takalman da ba su kai dala 110 ba, babu harajin jiha a kansu ko wace rana ce.